Gwaggo Ta Je Faraku Ta Dawo

Tun da muka dawo ban sha shayi da daɗi ba. Da na zauna a teburin mai shayi na bakin kasuwar Sauka Kahuta, kafin a zuba mini madara sai wani ya jawo benci ya ce, "Baba Ilu, yaya ƙasar Faransa?" In ce masa ba Faransa na je ba, Faraku na je, cikin ƙasar Benin, kuma ba Binin ɗin da ake bi ta Lokoja ba. Gobe wani ya sake. Har liman ya tare ni a ƙofar masallaci yana son jin ko gaskiya ne an so a raba ni da motata a can. To bakina ba rediyo ba ne. Ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in sha shayina. Wanda ya ci karo da kuskure ya tuna a aji huɗu na tsaya, kuma ba ni na gaji ba, malamin ne ya gaji.

Ga wanda ba ɗan unguwarmu ba, Gwaggo mota ce. Fijo 404, fara, mai giya a jikin sitiyari. Ni na tuƙa ta tana sabuwa lokacin ina direban gwamnati, da aka zo gwanjonta na ce babu mai tafiya da ita ina tsaye ina kallo. Yaran unguwa suka sa mata Gwaggo saboda ba ta sauri kuma ba ta son a yi mata tsawa. A cikinta na kai Hajiya asibiti duk haihuwar da ta yi, a cikinta na ɗauko gawar mahaifina. Kuma akwai abu ɗaya da duk Minna ta shaida: Gwaggo ba ta taɓa ƙin tashi ba. Murɗa ɗaya ce. Hannun ɗan Adam bai taɓa tura ta ba.

Babban ɗana Sani, wanda ya yi karatun da ni ban yi ba, ya daɗe yana zagaye-zagaye. "Baba, motar nan ta tsufa. A sayar a saya maka ƙarama mai sanyi." Na ce ni ma na tsufa, a haɗa mu a yi mana kuɗi ɗaya. Ya yi shiru. Amma shirun Sani na san shi tun yana ƙarami yana zagaya tukunyar nama.

Ana haka sai ga wani mutum a ƙofar gidana cikin wata tsohuwar Marsandi mai sheƙi kamar an lashe ta. Ya ce sunansa Dakta Danladi, likitan haƙori. Ya gaishe ni a taƙaice, ya gaida motar da tsawo. Ya ce suna da ƙungiya ta masu son tsofaffin motoci, shi ne shugaba, kuma za su yi murna in na shigo.

Na ce, "Wa ya nuna maka gidana?"

Ya ce, "Ɗanka Sani, Baba."

Na ce, "To."

Na je na ga ƙungiyar, don a san maƙiyi ai sai an je inda yake zama. Ranar Lahadi da yamma suke haɗuwa a wajen dam ɗin Tagwai, bayan masu coci sun dawo mu kuma mun yi La'asar. Su jera motoci, kowa ya buɗe bonet alhali babu abin da ya lalace, su tsaya suna kallon inji suna gyaɗa kai, a sayo soyayyen kifi a ci, a ɗauki hoto, a rufe bonet, a watse. A iya sanina mutum yana riƙe tsohuwar mota ne don ba shi da ta sabuwa. Waɗannan kuwa kowa ya bar sabuwa a gida. Da suka ji ban taɓa sake wa Gwaggo fenti ba sai suka kewaye ta, Dakta har da durƙusawa yana shafa ƙofa. Na taɓa ganin irin wannan shafar, a kasuwar dabbobi, ana gobe Layya.

Mutum ɗaya na fara yarda da ita, wata Madam Saratu, tsohuwar hedimasta 'yar Garatu, mai jar Basuwaja irin wadda ake ce wa kunkuru. Ranar farko ta dube ni ta ce, "Malam Ilu, wannan hayaƙin na motarka ne ko shara kake ƙonawa a but?" Na ji daɗi, na ce ga wadda ba ta son kayana. Sai da na koma gida na tuna a kasuwa mai saye ne yake kushe kaya. Na mayar da ita cikin sauran.

Ba a daɗe ba Dakta ya kawo labarin cewa wata ƙungiya irin tasu a Faraku ta gayyace mu. Wa ya fara cewa in je? Sani. Sanin da ke cewa motar ba za ta kai Suleja ba, shi ne ya sayo mata tayoyi sababbi ya kawo har gida. Na zauna na haɗa lissafi. A tsallaka da ni ƙasar da ban san kowa ba, ba na jin yarensu, ga mai saye an tanada. A ce mota ta lalace, Baba bar ta a nan a gyara, a sa ni a bas in dawo in tarar da ƙarama mai sanyi a ƙofar gida.

Hajiya ta ce, "Malam, in kana zarginsu ka zauna mana."

Na ce, "In na zauna ta yaya zan kama su?"

Gaskiyar magana kuma, in na ƙi zuwa za a ce Gwaggo ce ba za ta iya ba.

Ina da makamina. A cikin injin irin motocinmu akwai wani ɗan abu da bai fi babban yatsa ba, rota ake ce masa, shi ke raba wa fulogi wuta. In ka zare shi ka sa a aljihu, ko Baturen da ya ƙera motar ya zo da makulli ba zai tada ta ba. Tsofaffin direbobi duk mun san wannan, daga iyayen gidanmu muka gada. Yaran yanzu masu danna rimot ba su ma san da shi ba. Na yi niyyar duk inda muka tsaya, rota na aljihuna.

Muka tashi da sassafe ta hanyar Bida. Ba mu yi nisa ba Madam ta tsayar da mu a Garatu ta loda doya a gaban kunkurunta, don ita but ɗinta a gaba yake, inji a baya, kamar an ƙera ta ranar da maƙerin ya yi faɗa a gida. Ta ce tsarabar masu masauki ce, ba a zuwa gidan mutane hannu na dukan cinya. Hanyar kuwa kun san ta, ba sai na ɓata biro ba: rami, tanka, rami, tirela ta kwanta, rami. Marsandin Dakta ta fara zafi tun kafin Kataeregi, aka tsaya ana ba ta ruwa kamar mai azumi. Na wuce su a hankali, na ɗaga musu hannu.

A Bida muka ci tuwon shinkafa da miyar wake da busasshen kifi. Kafin in shiga rumfar na buɗe bonet na yi abin da zan yi. Sai ga Dakta a bayana.

"Baba, lafiya dai?"

"Mai nake dubawa."

"Ai ba nan ake duba mai ba."

"A motata a nan ake dubawa."

Ya yi dariya. Yawan dariyarsa ma na lura da shi, ko da yake mai sana'ar haƙori dole ya riƙa tallar kayansa.

Daga Mokwa muka karkata ta Kainji, muka kwana a Sabuwar Bussa. Ɗakin da aka ba ni tagarsa tana kallon bayan gida da wata bishiyar gwanda. Na ce a canza mini wanda ke kallon inda aka ajiye motoci. Aka ba ni, fankarsa tana juyi tana kuka kamar an taka mata ƙafa, na ce na gode, ita ma za ta taya ni gadi. Dakta ya bi kowa yana karɓar makulli, wai a ba maigadi ko za a buƙaci matsar da wata mota. Na miƙa nawa da hannu biyu, har da fara'a. Da gari ya waye na tarar an wanke Gwaggo tas, har tayoyi an shafa musu baƙi. Dakta ya ce shi ya sa a yi, don girmamawa. Na ce Allah ya saka. A raina na ce tun da nake ban taɓa ganin an wanke kayan wani kyauta ba sai za a nuna wa mai saye.

Daga nan Wawa, Kaiama, jar ƙasa da ƙura, har muka isa boda a Cikanda. Gwaggo fara ta koma kalar kunun kanwa, wankin Dakta ya tashi a banza, na ji sanyi a raina. Ma'aikatan boda namu na wannan gefen suka duba takardu, suka tambaye mu me za mu sayar a can. Dakta ya ce ba komai, yawon buɗe ido ne. Ɗayansu ya dubi motocin ɗaya bayan ɗaya ya ce, "A cikin waɗannan?" Na ji na ƙaunace shi, don shi kaɗai ya yi tambayar mai hankali tun da muka baro gida.

A ɗaya gefen kuma jandarma ne, wato ɗan sandansu, cikin wando matsattse, kamar a jikinsa aka ɗinka. Ya ce sai ya ga lambar inji. Na tofa yawu na goge masa wurin da gefen riga. Ya kira ɗan'uwansa, suka tsaya gaban Gwaggo suka ɗauki hoto. Sai na ji Dakta ya ɓarke da Faransanci. Ban taɓa sanin yana ji ba, kuma bai taɓa faɗa ba. Suka yi ta yi, ana nuna motata da baki.

Na ce, "Me kuke cewa?"

"Cewa ya yi motar ta yi kyau, Baba. Babansa ya yi tasi da irinta."

"Duk wannan doguwar maganar?"

"Faransanci haka yake, Baba."

Ƙasar tasu kuwa, bari in gaya muku abin da na gani tsakanin Nikki da Faraku. Mai a kwalba ake sayarwa a bakin titi, manyan kwalabe kamar tuluna, kuma man namu ne, ya riga mu tsallakowa ba tare da an nemi lambar injinsa ba. 'Yan acaɓarsu duk riga iri ɗaya mai lamba a baya, kamar 'yan ƙwallo. Da rana ta take sai gari ya mutu, ofis a rufe, shago a rufe, kowa ya tafi ya kwanta. A Minna in ka rufe shago da tsakar rana maƙwabcinka zuwa zai yi ya tambayi wa ya rasu. Burodinsu dogo kamar sandar makiyayi, ga tauri. Dakta ya gatsa ya ce ƙasar nan akwai kasuwa. In manyan maza suka haɗu kuma sai su kama hannu su riƙa gwara gefen kai, dama, hagu, dama, hagu, kamar raguna masu ladabi. Na farko da ya yi mini ya ture mini hula. Na ɗauka na kaɗe, na laluba aljihu na ji rota na nan.

Amma a tarba ba su da laifi, wannan zan faɗa ko a gaban alƙali. Sun sauke mu a wani gida mai tsakar gida da bishiyar mangwaro, suka kawo sakwara da miyar gyaɗa, suna cewa duk duniya babu mai daka kamar tasu. A cikin miyar akwai wani abu ja a baya fari a ciki, na ɗauka nama ne, na tauna na ji babu ƙashi babu jijiya. Aka ce cukun nono ne, wagashi sunansa. Na ce to, ko a cikin miya ma ƙasar nan ba a nuna maka gaskiya da farko. Madam Saratu ta ci malmala ɗaya, ta ƙara wata don ta tabbatar da laifin, sannan ta wanke hannu ta ce, "Dakan ba laifi. Doyar ce ba ta samu tarbiyya ba." Ta sa aka sauko da ta Garatu.

A nan na ga mutumin. Musye Sabi ake ce masa, tsoho sa'ana, siriri, da wata hula shimfiɗaɗɗa kamar faifai. Tsohon direban tasi ne, kuma yana da Fijo 404 shi ma, shuɗiya. Kowa na gaisawa ana gwara kai, shi ko kallona bai yi ba. Gwaggo ya nufa. Ya zagaya ta. Ya danna ta ya saki don ya ji sifirin. Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe. Ya fito ya zaro sandar duba mai ya shinshina. Can gefe kuma ga Dakta da 'yar mutumin, wata mai aikin banki da tabarau, suna magana ƙasa-ƙasa suna nuna motocin. Na ce Ilu, ga mai sayen nan, ga dillali, ga mai biya.

Don kada ya ɗauka tsoronsa nake ji, na tashi na je na yi wa tasa abin da ya yi wa tawa. Na zagaya, na danna, na ari kwalinsa na shiga ƙarƙashi. Kuma tsakani da Allah motar tana samun kulawa, babu ɗigon mai ko ɗaya. Da na fito na tarar da shi tsaye a kaina, fuska a murtuke. Hausarsa irin ta zango ce, ba ta bambance mace da namiji.

Ya ce, "Alaji, motar naka yana shan mai?"

Tambayar mai saye ke nan. Na ce, "Kamar rami. Birki ma sai da addu'a. Giya ta uku fita take yi da kanta." Na nemi gafarar Gwaggo a zuci. Na ce, "Taka fa?"

Ya ce, "Nawa ya mutu. Kullum turawa. Ba shi da amfani."

Muka tsaya muna kallon juna kamar zakaru biyu a akurki ɗaya.

Sai da aka gama cin abinci Dakta ya sanar da mu al'adarsu. Wai in baƙi suka zo, da safe ake zagaya gari a jere, amma babu mai tuƙa motarsa. Baƙo ya ba ɗan gari makullinsa, ɗan gari ya ba baƙo nasa. Wai alamar amana ce, sun daɗe suna yi. Na ce da wa aka haɗa ni? Ya ce, "Da Musye Sabi mana, Baba, ai motocinku iri ɗaya ne." Na ce lalle kam, an yi tsari.

Da safe aka kai motoci wani fili, kowa da tasa. Jama'a ta cika, ga masu ganga, ga lasifika. Ina ajiye Gwaggo a layi na buɗe bonet kamar mai nuna inji irin yadda suke so, na zare abina na sa a aljihu. Na ce ya ɗauki makullin, ya ɗauki sitiyarin ma in yana so. Abin da ban lissafa ba shi ne mai lasifika. Ya yi da Faransanci, ya juya da Hausa: ga mota daga Minna, tun da aka ƙera ta ba a taɓa tura ta ba, murɗa ɗaya take tashi, ita za ta ja gaba. Dakta ne ya ba shi labarin. Jama'a suka yi tafi. Muka yi musayar makulli da Musye Sabi, kowa ya saki nasa da ƙyar.

Ya shiga, ya gyara zama a kujerata, ya murɗa. Gwaggo ta yi kir-kir-kir ta yi shiru. Ya sake. Kir-kir-kir. Masu ganga suka sassauta. Wani daga baya ya faɗi wata magana aka fashe da dariya, ban ji yaren ba amma dariya ba ta bukatar tafinta. Dakta ya dube ni, haƙoran nan duk sun koma ciki. Sai ga samari majiya ƙarfi suna naɗe hannun riga suna nufar bayan Gwaggo.

Madam Saratu ta matso kusa da ni. Ba ta dube ni ba, gaba take kallo. Ta ce, "Malam Ilu, me hannunka yake yi a aljihu tun ɗazu?"

Na ce, "Sanyi nake ji."

Ta ce, "Na yi shekaru ina kama yara da alli a aljihu. Ka san abin da za ka yi."

Ban sani ba, wallahi. In na fito da shi a gaban jama'a, na gaya wa mutanen da suka ba mu masauki suka daka mana sakwara cewa ɓarayi na ɗauke su, na kuma zubar da mutuncin duk wanda ya taso daga Minna. In na sa shi a ɓoye, mutumin ya ja motata ya shiga lungun da ban sani ba. In na yi shiru, a tura Gwaggo a ƙasar mutane, ana dariya, ana ɗauka a waya, kuma ba laifinta ba. Na ga tafin hannun wani ƙato ya kusa sauka a kan but ɗinta, na ji kamar ni za a tura.

Sai Musye Sabi ya fito ya ɗaga wa samarin hannu, suka tsaya. Ya buɗe bonet ya sunkuya. Bai taɓa batir ba, bai taɓa fulogi ba, kai tsaye wurin rota ya nufa. Ya buɗe murfin, ya daɗe yana kallo. Ya ɗago ya dube ni ta ƙarƙashin hular nan tasa. Sannan ya juya wa jama'a baya, ya sa hannu a aljihun wandonsa, ya sake sunkuyawa. Ya rufe bonet, ya goge hannu, ya shiga.

Murɗa ɗaya.

Fili ya ɗauki tafi, masu ganga suka dawo da ƙarfinsu. Na ce wannan ba ƙaramin ɓarawo ba ne, wannan da rotarsa yake yawo. Na ruga wajen shuɗiyar motarsa da gudun da ban yi irinsa ba tun ina saurayi, don in bi shi duk inda zai shiga. Na faɗa ciki na murɗa.

Kir-kir-kir.

Na sake. Kir-kir-kir. Na zauna jim. Na fito na buɗe bonet, na buɗe murfin. Wayam.

Na ɗago. Yana zaune a cikin Gwaggo, inji na aiki, bai motsa ko taku ɗaya ba, ya leƙo da kai ta taga yana kallona. Na juya wa jama'a baya kamar yadda ya yi, na sa hannu a aljihu. Motar da aka ce ta mutu, kullum turawa, ita ma murɗa ɗaya ta tashi.

Haka muka zagaya Faraku, shi a gaba ni a bayansa, bamba na kusan taɓa bamba. Ban ga garin ba, kada wanda ya tambaye ni. Shi ma ban ga alamar ya ga titi ba, don duk lokacin da na duba madubin Gwaggo idonsa na gani a ciki. Amma na ga abin da ban taɓa gani ba. Duk shekarun nan a ciki nake zaune, ban taɓa ganin Gwaggo tana tafiya daga baya ba. Ashe ta ɗan karkata hagu, gefen da nake zama. Ashe in ta hau gargada wani ɗan rangaji take yi kamar tsohuwa ta ji kiɗan zamaninta. Kuma mutumin bai ja ta da ƙarfi ba, bai sa giya ta yi ƙara ba ko sau ɗaya. A bakin kowane rami sai ya rage, ya bi da ita ta gefe. Na ce ko ɓarawo ne, ya yi gidan ubangida nagari.

Da aka dawo aka kashe motoci, muka zauna a gindin mangwaro, ni da shi, kowa ya karɓi makullinsa ya duba ko shi ne.

Na ce, "Ashe kai ma."

Ya ce, "Alaji, tun da aka haife ni ban ga dan Najeriya ya tsallako boda ya koma babu mota ba. Yarinya nawa kullum Papa sayar, Papa sayar. Sai aka ce ga Alaji daga Minna yana zuwa, yana son 404. Kai kuma ka shiga karkashin motana."

"Ai kai ka fara shiga ƙarƙashin tawa."

"Ina duba wane irin mutum ne zai dauki nawa. In yana zubar da mai a kasa, in kona shi da hannuna."

"Me ka gani?"

Ya ce, "Salansa naka da waya ka daure."

Na ce wayar ta fi 'yarsa shekaru kuma ba ta taɓa kwancewa ba. Ya gyaɗa kai, ya ce waya mai kyau ce.

Kada ku ce zargina banza ne. Na tsare Dakta a wurin na ce ya dubi girman Allah ya faɗa mini me suke ƙullawa da mai tabarau. Ya yi ta sosa ƙeya, sannan ya ce ita tambayarsa take ko a Najeriya za a samu mai sayen ta ubanta, kamar yadda Sani ya taɓa zuwa asibitinsa yana tambayar abin da Gwaggo za ta yi a kasuwa. Na ce me ka ce masa? Ya ce, "Na ce masa ya kawo Baban dai mu gani. Da na gan ka, Baba, na san babu ciniki." Na fassara wa Musye Sabi da Hausar da zai gane. Ya tofar da yawu ya ce yaran duniya duk makaranta ɗaya suka yi.

Dawowa ba wani labari, sai dai kunkurun Madam ta ƙi hawa wani tudu bayan Kaiama, muka tura ta, ni ma na sa hannu ɗaya don zumunci. Sani ya tarbe mu a ƙofar gida yana murmushi yana zagaya motar. Na ce ya gama kallo ya matsa, kuma tayoyin na gode, ba za a mayar ba.

Da yamma na buɗe bonet don in zare abina, karo na farko tun barinmu Faraku, don yanzu na san a cikin gida ma ake bukatar gadi. Na ɗaga shi a haske. Ja ne, da wata 'yar tsaga a gefe an liƙe ta. Nawa baƙi ne, lafiyayye, wanda ya zo da motar tun daga kamfani. A gindin mangwaron nan mun yi musayar makulli, mun duba, mun sake dubawa, babu wanda ya tuna da abin da ke cikin inji. Ko in ce, ni ban tuna ba.

Na karɓi lambarsa wajen Dakta na kira. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi Gwaggo kafin ya tambayi iyali.

Na ce, "Musye, rotata tana wurinka."

Ya ce, "Na sani, Alaji. Tun ranar na gani."

"To a ba wani direba ya kawo mini."

Ina jin injin shuɗiyar nan yana aiki a bayansa, sumul, ko tari babu.

Ya ce, "Naka ya fi nawa kyau. In kana so, ka zo da kanka ka karba."

Ya kashe waya. Saboda haka liman, amsar tambayarka ke nan: motar ba a raba ni da ita ba, amma sata an yi mini, kuma na san ɓarawon, na san gidansa. Na ce wa Dakta ya fara shirya mana takardun boda.